Wanda Aka Rage Wa Garkuwar Jiki, Wa Zai Tsare Shi?



'Yan uwa, ga wata tambaya mai ɗaure kai: yaya likita zai yi wa mara lafiya allurar da ke raunana garkuwar jikinsa, kuma a ce magani ne? Wannan ba cutar da kai ba ne, abin da shari'a ta hana?

Allah ya sanya wa jiki dakaru masu yaƙar ƙwayoyin cuta. A wasu mutane ƙalilan, dakarun nan kan tashi da faɗa babu abokin gaba, su afka wa jikin da suke gadi. Misali cutar Still, wadda likitan Ingila George Still ya bayyana a 1897: yaro ya yi ta zazzaɓi kusan kullum, gaɓoɓi su kumbura, ƙuraje su fito su ɓace. A Kurmin Kogi ko Makarfi ko Kudan, idan an sha maganin maleriya da na taifot aka ji shiru, sai a ce jifa ne, a fara kallon kishiya. Alhali abin da yaron ke buƙata binciken ƙwararru ne, irin na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.

Cikin magungunan irin wannan ciwo akwai anakinra, da Amurka ta amince da ita a 2001, ana yin ta kullum a ƙarƙashin fata. Akwai canakinumab ta 2009, ita kuma duk sati huɗu ko takwas. Aikinsu toshe wani sinadari mai suna intalukin-1, wanda ke rura wutar kumburin.

To mene ne hukunci? Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida: idan cutarwa biyu suka haɗu ba makawa, a ɗauki ƙaramar don ture babbar. Ciwon da aka bari yana iya lalata gaɓoɓi har ya taɓa ƙoda. Don haka allurar halal ce idan ƙwararren likita ya auna ya rubuta. Shi ke aunawa fa, ba mai kemis ba, ba ni limami ba.

Amma ƙaramar cutarwar ma cutarwa ce. Mai wannan allura cututtuka na saurin kama shi, shi ya sa ake gwada shi tarin fuka kafin a fara, ga shi Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka masu tarin fuka. Kun ga ke nan gadin da jikinsa ya rage, a wuyanmu ya faɗo.

Kai mai tari, ladan dubiya ba ya cikin shiga ɗakinsa. Tsaya daga zaure, ko ka kira waya. Idan tarin ya kai sati biyu, je a gwada ka, gwaji da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Kai mai firij na sola, maganin nan sanyi yake so, digiri 2 zuwa 8. Ba maƙwabcinka waje. Mai hali kuma ya tuna allurar na da tsadar da manomin masara ba zai iya shi kaɗai ba.

Sai babbar: harshe. Mutanenmu da sun ji an ambaci garkuwar jiki, sai su ce ƙanjamau. A fasa aure, a daina cin tuwon gidan. Wallahi wannan zalunci ne. Ciwon nan ba a ɗaukarsa daga kowa, kuma ko mai ƙanjamau ɗin ma ba a halatta mana namansa ba.

Likita ya yi nasa. Saura mu, da za a tambaye mu haƙƙin maƙwabci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare harsunanmu. Wallahu a'alam.