Ƙunshin Goggo Asabe

Buhu 80 na busasshen zoɓo ne jibge a shagon Hadiza da ke Rijiyar Lemo, kan hanyar Katsina, ga shi watan Mayu ya kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar. Duk wanda ya taɓa ajiyar zoɓo ya san abin da wannan ke nufi. Idan damina ta same shi a ɗaki danshi ya shige shi, jan nan mai duhu da ake sayensa dominsa sai ya koɗe, warin funfuna ya biyo baya. Kuɗin da ke cikin buhunan kuwa ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai adashin da ta kwasa, akwai kuɗin sarƙar da ta sayar, akwai bashin ƙanin mijinta.

Kayan ba su da aibu. Da kaka ta sayo su, wasu daga Maigatari, wasu daga Dawanau. Mata 6 ta ɗauka suna tsince itace da tsakuwa da 'ya'yan zoɓon, a bakace, a shanya a kan tamfol, ba a yarda ko ɗaya ya taɓa ƙasa. Kimiyyar abinci ta karanta a Jami'ar Bayero, ta san aikinta. Mai saye ne babu.

A wani taron horas da mata 'yan kasuwa aka ce musu su buɗe shafi a LinkedIn, kuma shawarar ba ta banza ba ce. Dandalin ya fara aiki tun 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, zuwa 2023 masu rajista a cikinsa sun haura biliyan 1. Abin da ya raba shi da Facebook ko Instagram shi ne irin mutanen da ke zaune a ciki da abin da ya kawo su. A nan ake samun jami'an sayen kaya na kamfanonin shayi da na lemo, da 'yan kasuwar Legas masu cika kwantena zuwa Meziko, ƙasar da ta fi kowa sayen zoɓon Nijeriya. Hadiza ta buɗe shafin a daren da ta dawo daga taron. Wata 7 ke nan, ko kilo ɗaya ba ta sayar ta nan ba. Saƙonnin da ke shigowa iri biyu ne: maza masu tambaya ko tana da aure, da masu yi mata alkawarin jarin da sai ta fara tura musu kuɗin cike takarda.

Ranar wata Juma'a ta je gaishe da ƙanwar mahaifinta a Yakasai. Goggo Asabe ta yi shekara 30 tana dillanci gida gida, a zamanin da matan kulle ba su da hanyar kasuwa sai tallan yara da ƙunshin dillaliya. Atamfa, kwalla, samira, tasa, 'yan kunne, babu abin da bai bi ta hannunta ba. Yanzu gwiwa ta zaunar da ita, ido ma ya yi rauni. Tana jin gaisuwar Hadiza ta ce, "'Yar nan, muryarki ba daidai take ba. Ke da mijin naki ne?"

"A'a Goggo, lafiya lau muke. Kaya ne suka ƙi tafiya."

Ta kwashe labari ta gaya mata, har da na shafin. Goggo ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Ni ban san wannan kasuwa taku ta cikin waya ba. Amma karanta min abin da baƙo zai fara gani idan ya leƙo."

Hadiza ta karanta, tana mayarwa da Hausa: "Shugabar kamfani. 'Yar kasuwa mai hangen nesa. Mai kishin ci gaban mata. Uwa kuma matar aure."

"Madalla. To me take sayarwa?"

"Wa, Goggo?"

"Wannan baiwar Allah da kika karanta min."

Hadiza ta buɗe baki ta rufe. Ta sake duba wayar daga sama har ƙasa. Kalmar zoɓo sau ɗaya ta fito, can ƙasa, bayan sunan makarantar sakandarenta da wurin da ta yi bautar ƙasa. Hoton kuwa na bikin ƙawarta ne, da ɗaurin kallabi da gwal, har kafaɗar wata tana leƙowa daga gefen da aka yanke.

Goggo ba ta yi mata dariya ba. Ta ce, "Ni idan na yi sallama a gida, kafin in zauna an san abin da ke kaina. Atamfa turmi uku, leshi ɗaya, kwalla saiti biyu. Mai so ta matso, marar so ta ci gaba da dakanta. Kuma ƙunshin da zan shiga da shi gidan da ake shirin aurar da yarinya, ba shi zan shiga da shi gidan mai jego ba. Tun a soro nake juya kayan, abin da gidan ke nema ya dawo sama. Ke wa kike nema ya saya?"

"Masu haɗa shayi, da masu fitarwa waje."

"To ina kika kira su a cikin abin da kika karanta?"

Ta yi shiru, Goggo ta ci gaba. "Sai abu na biyu. Matar da ba ta san ni ba, ba ta miƙa min kuɗinta don na ce ni mai gaskiya ce. Kowa ma haka yake cewa. Sai dai in ce, matar liman ta saya a wurina shekaranjiya, aiki yaro ya tambayo ta. Idan kuma kwalla ta taɓa faɗuwa, ni ce zan juya ta in nuna tabon kafin a gani. Da wannan na ci abinci shekara 30."

A ganina nan ne yawancin matanmu ke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. An rene mu da kunya da kara, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Don haka idan aka ce wa mace ta gabatar da kanta, ko dai ta yi gum, ko ta ari manyan kalmomin da ta gani a shafin wasu ta yafa, don kalmomin aro ba sa sa ta ji kamar ita ce ke magana. Alhali faɗin abin da kike sayarwa, da yawansa, da ranar da zai iso, ba ya cikin yabon kai. Mai kosai a bakin titi ba ta jin kunyar a san kosai take toyawa.

A daren nan Hadiza ta kira ƙaninta Sadiƙu, suka zauna a kan shafin. Suka fara da layin da ke ƙarƙashin suna. LinkedIn ya ba wa wannan layi gurbin harafi 220 kacal, amma shi ne ke bin sunan mutum duk inda ya je: idan an yi bincike shi ake gani, idan ka yi sharhi a rubutun wani shi ake gani, idan ka nemi ƙulla alaƙa shi ake gani. Jami'in sayen kaya kuma ba ya rubuta "mai hangen nesa" a gurbin bincike. Sunan kayan yake rubutawa, da sunan gari ko ƙasa. Da Turanci ta rubuta, tunda da shi masu sayen ke nema, ta yi amfani da sunan da suke kiran zoɓo da shi a takardun ciniki. Ma'anarsa ita ce: "Ina sayar da busasshen zoɓo tsintacce daga Kano da Jigawa ga masu haɗa shayi da lemo da masu fitarwa waje. Tan 2 a wata, buhu mai kilo 25. Ana aika samfuri kafin ciniki."

A nan suka yi saɓani. Sadiƙu ya ce, "Yaya, tan 2 fa? Waɗannan mutanen raina ki za su yi. Ki sa 50, ki ce kina fitarwa Turai. Idan oda ta zo ai Dawanau na nan." Har ta goge 2 ɗin. Sai ta tuna da kwallar Goggo, ta mayar.

Sashen bayanin kai ya fi cin lokaci. Layukan farko kaɗai ake gani kafin mai karatu ya danna ya buɗe sauran, don haka ta kwashe tarihin makaranta ta mayar ƙasa, ta ɗora abin da mai saye ke tsoro a sama: yashi, danshi, tauye awo, da saɓa alkawari. Ta faɗi yadda ake tsinta da shanya, ta sa lambar rajistar kasuwancinta ta hukumar CAC yadda kowa zai iya bincikawa, ta faɗi kwana nawa kaya ke ɗauka daga Kano zuwa Legas, da nawa ake bayarwa kafin alƙalami. Ta sayi sabon layi na kasuwa kaɗai, ta ɗora masa WhatsApp Business, ta cire lambarta ta gida daga shafin.

Maganar hoto sai da ta zauna da maigidanta. Wasu matan ba sa son fuskarsu a intanet, kuma suna da hujja, wanda ya ga irin saƙonnin da ke shigo wa mata ba zai yi musu gardama ba. Mai irin wannan ra'ayi tana iya sa tambarin kasuwancinta, sai dai ta sani cewa baƙo ya fi sakin jiki da fuska, don haka sai ta ninka shaida ta wasu hanyoyin. Su dai sun daidaita a kan hoto ɗaya: Hadiza cikin hijabi a ƙofar shago, da hasken safiya, ba kwalliyar biki. A faffaɗan hoton da ke bayan suna kuma ta sa zoɓo shimfiɗe a tamfol, ga sikeli a gefe, ga hannuwan masu tsinta.

Saura matar liman. A LinkedIn akwai wurin da wanda ya taɓa hulɗa da kai zai rubuta shaida, ta fito da sunansa da hotonsa, kai ba ka iya rubuta wa kanka. Kwana uku Hadiza tana jin nauyin tambaya, kafin ta kira wata mai haɗa zoɓon kwalba a Kaduna da ta daɗe tana saye a wurinta. Matar ta rubuta layi uku: sau 5 ta saya, ba ta taɓa samun yashi ba, kuma akwai lokacin da buhu ɗaya ya gaza da kilo 2, Hadiza ce ta kira ta faɗa ta kuma aiko da cikon kafin ita ta auna. Hadiza ta so ta roƙe ta ta cire zancen gazawar. Ta bari.

Daga nan duk Litinin takan sa abu ɗaya da mai saye zai amfana da shi. Wanda ya fi yawo shi ne ɗan bidiyon kofi biyu na gilashi: ta zuba zoɓon da aka shanya a ƙasa cikin ɗaya, nata cikin ɗaya, ta motsa, ta bari suka kwanta. Yashi ya taru a gindin na farko kowa yana gani.

Mako uku ba labari. Ruwan farko ya sauka, ta sa aka ɗora buhunan a kan katako, aka liƙe tagar shagon da leda. Sai ga saƙo daga wata jami'ar sayen kaya a wani kamfani a Legas: suna neman tan 12 cikin mako uku don cika kwantena, za ta iya?

Hadiza ba ta yi barci ba. Lissafin a fili yake. Ta karɓi kafin alƙalami, ta shiga Dawanau ta kwashi wanda ba a tsince ba, ta sa nata a bakin buhu. Ta san masu yin haka, wasunsu har sun yi gini. Kuɗin zai biya adashi da bashin ƙanin miji, har sarƙa ta dawo. Bayan sallar asuba ta rubuta amsa: tan 2 take da shi tsintacce, ba za ta iya 12 a mako uku da irin tsaftar da ta faɗa a shafinta ba, amma ga samfuri idan suna so.

Aka karanta saƙon, ba a amsa ba. Sadiƙu ya daina yi mata maganar. Ranar zubin adashi ta zo, dole ta sayar da buhu 20 ga wani dillali a farashin da bai mayar da kuɗin tsinta ba, ta koma gida ta rufe ɗaki ta yi kuka.

A kwana na 9 matar Legas ta kira. Kwantenar an ba wani. Amma kamfanin yana da shayin zoɓo da yake sayarwa a cikin gida, wanda yashi kaɗan ke lalata musu injin niƙa, kuma ta riga ta yi magana da matar Kaduna. A aiko da samfuri. Bayan mako biyu suka ɗauki buhu 20, da sharaɗin idan ya yi, haka za a riƙa yi duk wata. Zuwa tsakiyar damina shagon ya koma fili, sai katako.

Hadiza ta shiga Kantin Kwari ta yanki turmin atamfa, ta nufi Yakasai. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Goggo ta ce, "Ga la'adarki, Goggo."

Goggo ta warware gefen atamfar, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta gyaɗa kai. "Allah Ya yi miki albarka. Har yanzu 2 ɗin ce a rubuce?"

"Ita ce, Goggo. Na ƙara mata 4 masu tsinta. Idan kaka ta yi, muka auna 3 wata biyu a jere, sai in canza."

"To. Miƙo min almakashi a cikin kwallar can, in fitar da ɗankwali."