Kyan Hoto da Hasarar Gona

Yanzu kusan kowace waya tana ɗaukar hoto. Saboda haka a ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum, akan sami saurayi yana koyon ɗaukar hoton kwazazzabai, wato wuraren da ruwan damina ya zaizaye ƙasa. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai.

Abin da yakan fara ganewa shi ne, da tsakar rana hoto yakan fito a shafe, ba a gane zurfin ramin. Sai da sassafe ko da la'asar, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe. A lokacin nan inuwa takan cika kowane tsagi, jar ƙasa kuwa ta yi kamar garwashi. In ya ƙware, wanda ya ga hoton sai ya ce, "Kai, wurin nan da kyau yake!"

To, 'yan'uwa masu karatu, ga tambayarmu. Daidai ne mutum ya fid da kyau daga hasarar maƙwabcinsa? Gama ramin nan ba daga sama ya faɗo ba. Dā gonar wani ce, ko hanyar kasuwa.

A Amurka, a jihar Dakota ta Kudu, akwai zaizayayyar ƙasa da ake kira Badlands, wadda gwamnati ta mayar wurin yawon buɗe ido na ƙasa a 1978. Can ruwa da iska sun yi dubban shekaru suna sassaƙa tuddai tun ba a kafa shuka ba. Namu kuwa yakan ci kunya goma ta gero a damina guda, mai gonar yana tsaye yana kallo.

Mu dai ba mu ce a rufe ido ba. Kyan yana nan, musunsa ƙarya ne. Amma a ganinmu hoton da ya nuna launi ya ɓoye gona, rabin gaskiya ya faɗa. Bari saurayin ya yi sallama da mai gona tukuna, ya nemi izini. Bari ya sa mutum ya tsaya nesa kaɗan da gaɓa, domin a gane girman ramin. Sa'an nan ya komo baɗi, ya tsaya a gindin itacen da ya tsaya bana, in itacen yana nan. Hotuna biyun nan mai gona yana iya kai su gaban hakimi.

Duk da haka, kada mai kyamara ya zaci ya ga dukan ciwon ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Tsakar gidajen nan a share suke, ba rami, ba tsagi. Da an ɗauki hotonsu, da ba wanda zai tsaya ya duba sau biyu. Gwajin jini ne ya tona asirin, da na'urar auna ƙasa. A Bagega sai a 2013 aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa.