Shibra a Gonar Ubangiji

Manomin gero a ƙasar Katagum ya san shibra, wadda wasu ke kira shura. Rami ɗaya take tsirowa da gero, ganyenta kamar nasa, har idon tsohon manomi kan ruɗe a lokacin noman firi. Sai ta fid da kai ake tabbatar da ita, a lokacin kuwa saiwoyinta sun riga sun sarƙe da na gero. Wanda ya fizge ta da garaje, gonarsa ya yi wa ɓarna.

Irin wannan hali Ubangiji Yesu ya kwatanta cikin misalin alkama da zawan a Matiyu 13:24-30. Bayi sun nemi izinin tumɓuke mugun tsiro, mai gona ya hana su don kada alkama ta tafi tare da shi, ya ajiye rarrabewa sai ranar girbi.

Wannan koyarwa tana da nauyi ga ikilisiyoyin Azare da kewaye. Masu bi a nan kaɗan ne cikin maƙwabta Musulmi, da yawansu ma'aikatan asibiti ne, 'yan kasuwa, ko ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Idan ma'aji ya taɓa kuɗin baiko, ko 'yar mawaƙa ta yi ciki ba aure, kafin Lahadi labari ya gama unguwa, kunyar kuma ta kowa ce. Daga nan sai a ji ana cewa a kore shi domin a wanke sunan ikilisiya. Amma mutum ba ya tumɓukuwa shi kaɗai. Magidancin da aka kora yakan tafi da matarsa da 'ya'yansa, a ƙaramin gari kuma mai yiwuwa ba wata majami'ar da za su nufa.

Ikilisiyar Afirka ta taɓa shan wannan gwaji. A tsanantawar Sarki Diyokeleshiyan ta shekarar 303, wasu shugabanni sun miƙa littattafai masu tsarki don su tsira da rayukansu. Da hankali ya kwanta, mabiyan Donatus suka ƙi zumunci da su, suka ware domin su kafa ikilisiyar tsarkaka zalla. Rabuwar ta wuce shekara 100. A taron Katej na 411, inda bishop-bishop fiye da 500 suka hallara, 'yan Donatus sun kafa hujja da cewa Yesu da kansa ya fassara gonar da duniya, ba ikilisiya ba. Agustin na Hippo ya tsaya a kan cewa ikilisiya tana baje cikin duniyar ne, kuma nagari da mugaye za su kasance a cikinta har ƙarshen zamani, kamar tarun da ya kamo kifi iri iri.

Shin ke nan a zuba wa zunubi ido? Ko kaɗan. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa matakai: gargaɗi a asirce, sa'an nan gaban shaidu, daga baya gaban ikilisiya. Dattawa suna da ikon dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji ko daga muƙami. Wanda kuma yake cutar da yara ko raunana, dole a kāre su daga hannunsa, hukuma ta yi aikinta. Sai dai horo dabam, hukuncin ƙarshe dabam. Horo magani ne, manufarsa komo da ɗan'uwa. Bulus da ya umarci Korantiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma ya roƙe su su gafarta wa wanda ya sha horo, kada baƙin ciki ya cinye shi.

A nan ne mutum ya bambanta da shibra. Shibra ba ta zama gero, amma mai zunubi yana iya tuba. Da an yanke wa Bitrus hukunci a daren da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, wa zai yi wa'azin ranar Fentikos?

Saboda haka, iyalin da ke da ɗan'uwa ƙarƙashin horo kada su daina gaishe shi, ko ziyartarsa, ko ambaton sunansa a addu'ar gida. Iyaye kuma su kula da abin da suke faɗa game da shi a gaban yara. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Lauje yana hannun Mai gona, shi ne kuma ya san ranar girbi. Ubangiji ya ba jama'arsa alherin jira. Amin.