Nasiha a Kan Sayen Kayan Ɗaki a Ƙasashen Waje

 Ya ku jama'a, maza da mata, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana sannu a hankali har ta sami wurin zama, ita ce, duk wanda Allah ya hore wa tafiya, ko Umra ce ta kai shi Jidda, ko neman magani Alƙahira, ko fatauci Dubai da Istanbul, ba ya ganin tafiyarsa ta kammala sai ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan nan na kujeru da gadaje da labulaye, ya zaɓo abin da za a ɗoro masa a jirgin ruwa. Sayen abu mai kyau da halaliyar mutum ba haramun ba ne, kuma ba wanda ya isa ya haramta abin da Allah ya halatta. Abin da ya sa na ga wajibi ne a yi magana shi ne, nauyin wannan ciniki ba a kan mai sayen kaɗai yake sauka ba.

Ya kamata matafiyi ya san irin wurin da yake shiga. Masu waɗannan kantuna gwanaye ne da suka daɗe a sana'arsu: birnin Milan na Italiya yana baje kolin kayan ɗaki tun 1961, garin Inegol kusa da Bursa a Turkiyya kusan ba shi da wata sana'a da ta kai wannan, kasuwar Lecong a Foshan ta ƙasar Sin kuwa kantuna ne jere na tsawon kilomitoci. Sun gane cewa idon mutum ba kujera yake saya ba, zaman da ya hango kansa yana yi a kanta yake saya, saboda haka sai su shirya ɗaki sukutum, da fitilunsa da darduma da sanyi da ƙamshi, ta yadda baƙon da ya shigo a gajiye, da kuɗin da bai saba ƙirgawa ba a aljihunsa, ga kuma ranar komawa ta matso, zai yanke hukunci cikin sa'a guda a kan abin da, da a gida ne, sai ya yi wata yana shawara.

Farashin da aka liƙa a jikin kujerar kuwa somin taɓi ne. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu a hukumance a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da dalar nan za a biya kuɗin kwantena, kafin a zo ga kwastam da kuɗin ajiya a tashar Apapa, sannan motar da za ta jawo kayan tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Kano. Ba a banza ba ne Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki cikin abubuwa 41 da ya hana wa dalar gwamnati a 2015, hanin da bai janye ba sai a watan Oktoba na 2023. Bayan duk wannan, da yawa daga kayan ba katako ba ne na haƙiƙa, garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da fenti mai sheƙi, wanda laimar damina ke kumbura shi, hunturu ya tsattsaga shi, ƙura ta shige cikin karan-miskinsa. In ƙafa ɗaya ta karye, wanda ya sayar yana bayan teku.

Wannan duka hasara ce ta mai dukiya, shi ya ga zai iya. Musibar da ta fi damuna ita ce wadda ke faɗa wa wanda ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. A al'adarmu uba ne ke yi wa 'yarsa kayan ɗaki, kuma ranar jere da ranar da 'yan ganin ɗaki suka shigo, ba amarya kaɗai ake kallo ba, mutuncin gidansu ake aunawa. To, idan Alhaji ya kawo wa 'yarsa saitin Turkiyya, hotuna suka zagaya wayoyin unguwa kafin magariba, ya kafa mudun da za a auna malamin makaranta da direba da mai facin taya, sai ka ga dattijo ya sayar da gonar gado, uwa ta kwashe adashin shekara, wani ya ci bashi da ruwa, wanda riba ce tsantsa, wani kuma ya yi ta ɗaga ranar auren 'yarsa har manemin ya gaji ya tafi. Wallahi, iyaye mata, ku ne kuka fi kowa iya kashe wannan wuta, domin a bakinku gorin yake, kuma a kunnenku yake fara sauka.

Alhali shari'a ba ta ɗora wannan kaya a kan kowa ba. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa abin da ya lazimci mace shi ne ta yi shirin ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa kafin tarewa, abin da ya ƙaru a kan haka kuwa ihsani ne daga iyaye. Fiyayyen halitta da kansa, da ya aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Ali, abin da aka ruwaito na kayanta a wata ruwaya bai wuce mayafi da salkar ruwa da matashin fata ba. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan almubazzaranci, ya kuma yabi masu tsayawa tsakanin israfi da ƙwauro. Riya kuwa, wato yin abu don idon mutane, malaman tasawwufi sun lissafa ta cikin cututtukan zuciya masu cinye lada.

Sai kuma batun masu sana'armu. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan ana kai su har Tambutu da Tarabulus, fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Har yau marinar Ƙofar Mata tana aiki, dukawa suna ɗinka tum-tum da matasai, masaƙa suna saƙa luru, kafintoci suna cike da garuruwanmu da yara masu koyo a ƙarƙashinsu. Wanda ya ga ƙirar da ta burge shi a Milan, ya riƙe ta a idonsa, ya dawo ya nemi gwanin kafinta ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwara ba, sai kuɗin ya ciyar da gidaje a unguwarsu.

Ku kuma kafintoci, ba zan ɓoye muku ba, da hannunku a cikin wannan gudun da ake yi muku. Mutum ya ba da kafin alƙalami wata uku kafin biki, ranar jere ta zo gado bai haɗu ba. An yi ciniki a kan maɗaci, an kawo ɗanyen katako da aka rufe da fenti. Ku busar da katakonku kafin ku sa masa zarto, ku faɗa wa mai saye ainihin itacen da kuka yi aiki da shi, in kuma kun san aikin ba zai kammala ranar Alhamis ba, ku faɗa masa tun ranar da ya kawo kuɗin.