Kyakkyawar Niyya Kaɗai Ta Isa?

'Yan'uwa ɗalibai, ga tambayar da nake so mu duba: in hukuma ta nufi talaka da alheri amma ba ta shawarce shi ba, shin ta sauke nauyin da ke kanta?

Mu ɗauki misali da Matsinkai da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, inda kogin Kwara ya ratsa kusa da iyakar Benin. A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakoki don hana fasa-ƙwaurin shinkafar waje. Duk wannan don manomi aka yi. To, amma a watan Nuwamba na shekarar sai kwastan suka hana kai fetur gidajen man da ba su wuce kilomita 20 daga iyaka ba. Da me manomin rani zai ta da injin ban-ruwa? An ba shi da dama, an karɓe da hagu ke nan.

Ba yau farau ba. A 1980, a madatsar ruwa ta Bakolori, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu.

A ganina, niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Haƙƙin talaka shi ne a ji ta bakinsa kafin a yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da za mu riƙe ofisoshin nan gobe, Allah Ya sa mu tuna.