Hukuncin Ƙawa da Haƙƙin Numfashi a Gidan Bene

Tun da jama'a suka fara barin gidajen iyaye masu zaure da tsakar gida suna hawa benaye, inda magidanci ke kama ɗaki biyu da falo tsakanin maƙwabcin sama da na ƙasa, wata mas'ala ta taso wadda ba a cika taɓa ta a majalisin karatu ba, ko da yake asalinta yana cikin littattafan da malamanmu ke buɗewa kullum: shin abin da mutum ya zuba a ɗakinsa sha'aninsa ne shi kaɗai, ko kuwa akwai hisabi a kansa?

Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a shekarar 790 ta Hijira, ya kasa maslahohin bayi gida uku a cikin littafinsa Muwafaƙat: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, da buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda cikon kyau ce kawai. Ya kuma tabbatar da cewa ƙawa hadima ce ga larura, ba a karɓarta idan za ta rushe uwargijiyarta. To, kiyaye rai yana cikin larurori biyar, rai kuwa ba ya jure rashin iska ko na ɗan lokaci. Kujeru da kabad da labule su kuma, komai tsadarsu, ba su wuce matsayin ƙawa ba. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya bayan an gama jere ya san yadda ake juya wannan tartibi: a jingina kabad jikin taga ɗaya tilo, a malala kafet daga bango zuwa bango, a saki labule mai kauri ninki biyu, sa'an nan a kawo turaren wuta a rufe ƙofa, don kada dangin miji su ce iyayen yarinya sun gaza.

Abin da ya ƙara wa mas'alar nauyi shi ne, galibin kayan nan ba katakon asali ba ne, garin katako ne da aka matse da gam, kuma gam ɗin yana sakin wani sinadari mai suna fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa ta sanya shi a 2004 cikin abubuwan da tabbas suke haddasa cutar ga ɗan Adam. Zafi da laima suna ƙara fitarsa, mu kuwa ba mu rasa ko ɗaya ba. Idan damina ta ratsa irin wannan katako sai ya kumbura ya ruguje, kafinta ba ya iya ceto shi, a kai bola a ciwo bashin wani. In wannan bai shiga ƙarƙashin almubazzaranci ba, ban san abin da zai shiga ba. Ba kayan ɗaki kaɗai ke ɓata iskar gida ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana halaka kimanin mutum miliyan 3 a kowace shekara.

Kada mai karatu ya zaci zuhudu nake kira gare shi, domin Shari'a ba ta ƙi ado ba, kuma bene kansa ba bidi'ar Turawa ba ne: mutanen Shibam a Hadramaut sun yi ƙarnuka suna zaune a gidajen laka masu hawa bakwai da fiye, da tagogin katako masu raga waɗanda ke shigar da iska su kuma kare sutura. Abin nema kawai shi ne a fara da taga kafin kujera, a bar hanya tsakanin taga da ƙofa don iska ta ratsa, a zaɓi gado ɗaya na katakon ƙwarai wanda jika zai gada, a shimfiɗa tabarma ko darduma wadda za a iya kakkaɓewa a shanya a rana.

Saura haƙƙin maƙwabci, wanda a bene ya fi ko'ina tsanani, tun da rufin wani daɓen wani ne. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na takwas na Hijira, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tara hukunce-hukuncen Malikiyya game da hayaƙi da wari da ƙara da tagar da ke leƙa gidan wani, kuma fuƙaha'un da ya naƙalto sun bambance cutarwar da maƙwabci ya tarar da wadda aka ƙaga masa daga baya, suka hukunta a gusar da ta biyun. Janaretan da aka ajiye a baranda, hayaƙinsa na hawa zuwa ɗakin da 'ya'yan wani ke barci, ba ni da shakka a wane babi Ibnur Rami zai rubuta shi, ko da mai shi ya kafa hujja da cewa ya biya kuɗin hayarsa cif.