Kayen da Aka Rubuta Kafin a Shiga Fage

A gidajen kallo na Birnin Kebbi matasa kan taru su kalli kokawar Turawa, wadda suke kira resilin. Wasan da ya fi tayar musu da tsimi shi ne na keji: ƙarti shida cikin ɗakin ƙarfe da sarƙa, biyu su fara, huɗu na kulle a ƴan akurki, ana sako su ɗaya bayan ɗaya har mutum guda ya rage ya ɗauki kambu. Kamfanin WWE ya fara shi a 2002 a birnin New York, Shawn Michaels ya ci. Sai dai kafin a rufe ƙofar kejin an riga an tsara wanda zai ci. Tun 1989 kamfanin ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa sana'arsa nishaɗi ce, ba gasa ba.

To, ƙarya ce ke nan? Dattawa da yawa haka za su ce, ni kuwa ina ganin sun yi gaggawa. Ƙarya sai da wanda za a yaudara, ga shi kuwa mai wasan ya faɗi gaskiyarsa, mai kallon kuma ya sani. Wasan kwaikwayo ne, illa dai ƙashin da ke karyewa a cikinsa na gaske ne. Mutumin da ya yarda a jefo shi daga saman keji don ya ciyar da iyalinsa bai cancanci a kira shi maƙaryaci ba. Abin da ya rasa shi ne fargabar kaye, domin ya san makomarsa tun daga ɗakin shiri.

Wannan fargaba ita ce ran kokawarmu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, kokawa da dambe na cikin wasannin da ke rakiyar su na Matan Fada. Ɗan kokawa na shiga fage da layunsa, makaɗa na zuga shi, ya yi kirari har ƙasa ta ɗauka, amma ba shi da tabbas. Yaron da ba a san sunan ƙauyensu ba yana iya cicciɓarsa ya mayar da bayansa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Haka ma a Nijar, inda ake kokawar takobi tun 1975: da an san Issaka Issaka na Dosso ba zai taɓa faɗuwa ba, da takubbansa ba su fi ƙarfen maƙera daraja ba.

Saboda haka ba kejin Amurka ke ba ni tsoro ba. Kyaututtukan kokawa sun girma, masu kuɗi da ƴan caca na kewaye da fage, kuma ba wuya a raɗa wa matashi mai bashi a wuya cewa ya saki jiki ya faɗi. Nan ne ƙarya take, don jama'ar da ta cika fili ta zo ne da yarda. Makaɗi zai wasa gwanin da bai yi gwaninta ba. Wanda aka fi zalunta ma shi ne mai nasarar, idan ba da saninsa aka ƙulla ba: zai koma gida a kafaɗar samarin garinsu, ya shekara yana ba ƴaƴansa labarin dabarar da ya yi, alhali wanda ya faɗi yana can ya san nawa aka biya.